Yadda Baƙo Yake Zama Ɗan Gida: Karɓar Sabon Mutum a Ikkilisiyar Lutaran

  Ina gai da mutanen Kelle, da na ƙauyukan da ke gindin duwatsun Kutus, da na Gure, da duk wanda muryar nan ta riske shi, ko yana kishingiɗe a zaure, ko yana bakin rijiya da guga a hannu, ko yana bayan garke da rediyo rataye a kafaɗa. Iyayenmu mata da ke tsakar gida, sannunku da aiki. Ku ɗan matso da akwatin kusa.

Zancenmu na yau a kan baƙo ne. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, watau da hantsi ya dubi ludayi sai a neme shi a rasa. To, ba wannan nake nufi ba. Ina nufin baƙon da ya sauke kayansa, ya kwance akumarin jakinsa, ya ce zama ya kawo shi. Ta wace hanya jama'a take mai da irin wannan mutum ɗan gida? Misalin da na ɗauko muku ya fito ne daga nesa, daga bakin kogin Binuwai a ƙasar Adamawa ta Nijeriya, wajen Kiristocin ɗariƙar Lutaran, da yadda suke karɓar sabon mutum cikin jama'arsu.

Na san wani dattijo zai gyara zama ya ce, malam, mu nan da kusan dukkanmu Musulmi ne, me ya haɗa mu da wannan? Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ga hujjata. Samarinmu, da zarar an kai amfanin gona rumbu, suna gangarawa cin rani har Yola da Jalingo, suna haya a gida ɗaya da mutanen nan, suna ciniki da su, kuma mutumin da ka san al'adarsa ya fi sauƙin zama da kai bisa ga wanda ka san shi a bakin wani kawai. Ba mu kuma manta da watan Janairu na 2015 ba, sa'ad da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, aka yi hasarar rayuka, alhali da yawa daga cikin waɗanda suka kunna wutar ba su taɓa tambayar abin da ake yi a cikin ɗakunan da suka ƙona ba. Ban zo in kira kowa zuwa wani addini ba. Na zo ne mu san maƙwabci. Malamanmu sun karantar da mu cewa lokacin da tsanani ya yi yawa a Makka, sarkin da ya sauki sahabbai a Habasha, watau Najjashi, Kirista ne a ranar da suka iso ƙofarsa, kuma bai mai da su baya ba.

Da farko zan gaya muku su wane ne Lutaran. Sa'an nan mu ga ƙofofin da mutum yake shigowa ta cikinsu. Daga nan mu zo kan abin da ya fi damuna, watau abin da yake biyo bayan ranar karɓa.

To, kashi na farko. Sunan ya samo asali ne daga wani malamin Kirista na ƙasar Jamus, Martin Luta, wanda a 1517, a garin Witinbag, ya fito da mas'aloli 95 yana ƙalubalantar wasu abubuwa da cocin Roma take yi a zamaninsa, musamman karɓar kuɗi a kan takardun sassauta azabar zunubi. Rigimar ta girma har aka rabu, waɗanda suka bi fahimtarsa aka kira su da sunansa. Wannan ya ishe mu game da Jamus.

Abin da ya kawo su kusa da mu shi ne wani likita ɗan ƙasar Danmak, Niels Bronnum, wanda ya taso a 1913 tare da matarsa da wata ma'aikaciyar jiyya, ya shigo ta kogin Kwara ya hau Binuwai. Matar ta rasu a hanya bayan ta haihu, aka koma da jaririn Turai, shi kuwa ya ci gaba shi kaɗai, har a ƙarshen daminar shekarar ya sauka Numan, garin Bachama, inda kogin Gongola yake zubawa cikin Binuwai. Ku lura da wannan, jama'a. Mutumin da ya kafa harsashin wannan ikkilisiya shi kansa baƙo ne, mai takaba a zuci, wanda bai san harshen garin ba, kuma da mutanen Numan ba su bar shi ya sauka ba, da babu labarin da zan ba ku yau. Waɗanda suka fara binsa galibinsu masu addinin gargajiya ne daga Bachama da maƙwabtansu, irin su Mbula da Lunguda da Kilba. Sai da aka shekara 35, a 1948, kana aka naɗa fastoci biyar na farko 'yan ƙasa. A 1960 Akila Todi ya zama shugaban ikkilisiyar na farko ɗan ƙasa, a 1973 kuma ya zama bishop. Yau ana kiranta LCCN a taƙaice, hedkwatarta tana Numan, mabiyanta bisa ga ƙidayarsu sun haura miliyan 2, har ma a 2017, a birnin Windhuk na Namibiya, aka zaɓi babban bishop ɗinta, Musa Panti Filibus, ya shugabanci tarayyar Lutaran ta duniya baki ɗaya.

Wani abu da zai ba ku sha'awa shi ne harshe. Tun da yake ƙabilun Adamawa suna da yawa, kowace da bakinta, Hausa ce ta zama igiyar da ta ɗaure su a wurin ibada, musamman bayan da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932. Saboda haka in ka tsaya a bakin tagarsu za ka ji addu'a, da wa'azi, da tuba, da alheri, da Zabura, da Linjila, kalmomin da ka sani tun kana makarantar allo. Ɗakin ibadar suna ce masa majami'a, tushensa ɗaya da jama'a da Jumma'a a Larabci. Su mutanen kuwa, su ne ikkilisiya, kalmar Girkanci ce mai ma'anar taron waɗanda aka kira. Majami'a gini ne. Ikkilisiya mutane ne. Shiga majami'a ba wuya, ƙofa a buɗe take ran Lahadi. Shiga ikkilisiya kuwa, shi ne aikin.

Mu shiga kashi na biyu, ƙofofin shigowa.

Akwai wanda aka haifa a ciki. Lutaran suna yi wa jarirai baftisma, watau zuba ruwa a ka, galibi sau uku, da lafazin aƙidarsu ta Allah ɗaya cikin uku, wadda ita ce babban abin da ya raba mu da su, kuma ba na ɓoye wannan. Jariri ba ya magana, don haka iyaye da wasu manya biyu ko ɗaya suke tsayawa su amsa a madadinsa, su ɗauki alkawarin tarbiyyarsa. Idan ya girma ya yi hankali, sai ya shiga aji, ya koyi abin da aka amsa dominsa, ya tsaya gaban jama'a ya faɗa da bakinsa. Wannan shi suke kira tabbatarwa. Daga ranar ne ake ba shi izinin cin Jibin Ubangiji, watau gurasa da ruwan inabi da suke rabawa a tsakaninsu, wanda a wurinsu shi ne alamar cikakken ɗan gida.

Akwai kuma babban mutum wanda ba a taɓa yi masa baftisma ba. A nan zan ɗan daɗe, domin a nan ne hikimar take. Ba a karɓarsa ran da ya zo. Ana yi masa maraba, ana ba shi wurin zama, amma sai a sa shi cikin ajin baftisma, ƙarƙashin katikis ko mai bishara, watau malamin da ke ƙasa da fasto, ya yi watanni yana koyo, a zamanin Turawan mishan ma har shekaru. Littafin da ake karantar da shi ƙarami ne ƙwarai, ana ce masa katikisma, ma'anarsa koyarwa ta hanyar tambaya da amsa. Luta ne ya wallafa shi a 1529, bayan da ya zaga ƙauyukan ƙasar Saksoni ya tarar talakawa, har da waɗansu limamansu, suna amsa sunan addini amma ba su san farillansa ba, abin ya baƙanta masa rai, ya zauna ya tattara dokoki goma, da bayanin bangaskiya, da addu'ar da suke kira ta Ubangiji, da ma'anar baftisma, da furta zunubi, da Jibi, cikin 'yan shafuka kaɗan, ya kuma tsara shi yadda maigida zai iya karantar da iyalinsa da barorinsa a tsakar gida, ba sai an jira malami ba. Duk wanda ya fara karatun ilmi da Ahalari da Ishmawi kafin ya kai Risala ya san fa'idar ɗan ƙaramin littafi a hannun mafari.

Me ya sa ake jinkirin nan? Wani zai ce rowa ce. Ni a ganina adalci ne ga baƙon kansa. Mutumin da aka jawo cikin gaggawa, bai san abin da ya shiga ba, bai san haƙƙinsa ba, bai san abin da ke wuyansa ba, ran da iska ta kaɗa shi ne farkon fita. A watannin ajin nan shi yana duban su, su ma suna dubansa, in ya ga ba zai iya ba sai ya janye ba tare da an ɗaura masa komai ba. Baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ajin nan shi ne sandar da ake miƙa masa.

Sai kuma mai tsaya masa. Ku mutanen Kelle ba sai na yi muku dogon sharhi ba, domin kakanninmu sun san fatoma, sun san mai masauki. Falke ya iso da kanwa ko gishiri garin da bai san kowa ba, mai masauki ne zai ba shi ɗaki, ya nuna masa dillalin kirki, ya tsaya masa lamuni, in rigima ta tashi a kasuwa shi za a fara nema. To, haka wanda ake yi wa baftisma yake samun wani tsohon ɗan ikkilisiya da zai tsaya bayansa a ranar, ya shaide shi, ya zama kamar uba ko uwa gare shi. Ku riƙe wannan da kyau. Taro ba ya riƙe baƙo. Mutum ɗaya ne yake riƙe shi, wanda ya san sunansa, ya san ƙofar ɗakinsa.

Kada in wuce ban taɓo wata mas'ala mai nauyi ba. Turawan mishan sun iske maza da yawa da mata biyu ko uku ko fiye, dokarsu kuwa mace ɗaya ce, sai suka gindaya sharaɗin cewa ba baftisma sai mutum ya sallami sauran. Dattawa nawa ne suka shekara suna zuwa majami'a suna zama a baya, sun ƙi korar uwar 'ya'yansu, su kuma an ƙi buɗe musu ƙofa! Ni dai tausayina yana wurin matan, domin wadda aka sallama ba ta yi laifin komai ba. Lutaran na ƙasar Laberiya sun dubi wannan a 1951, suka yanke cewa wanda ya zo da matansa tun kafin ya tuba a yi masa baftisma, sai dai ba zai riƙe muƙami ba. Na kawo wannan ne don ku ga cewa karɓar mutum ba ta rasa wuraren da take da ƙaya, kuma masu ita ma sun yi ta muhawara a kai.

Ƙofa ta uku ita ce ta wanda ya riga ya zama ɗan ikkilisiya a wani gari, aiki ko aure ya kawo shi. Wannan yakan zo da takarda daga fastonsa na can, mai shaida cewa an yi masa baftisma, kuma ba ya ƙarƙashin horo. Ba a sake masa baftisma, ko da daga wata ɗariƙar ya fito, muddin an yi masa ita bisa ga lafazin nan da na ambata, domin a wurinsu sau ɗaya ake yin ta a rayuwa. Sai dattawan ikkilisiya su duba takardar, a sa sunansa a littafi, a gabatar da shi.

Ita ranar karɓa, ba zan tsawaita a kanta ba. Ana kiran sababbin su fito gaba, a tambaye su, su amsa da ƙarfi kowa ya ji, a yi musu addu'a, fasto ya ɗora musu hannu, jama'a ma a tambaye su ko sun karɓa, mata su yi guɗa, a yi musafaha a bakin ƙofa, galibi a ci abinci. Rana ce mai daɗi. Amma rana ɗaya ce.

Yanzu mun iso kashi na uku, wanda dominsa na zauna gaban wannan na'ura.

Ku ɗauki wata amarya da aka kawo daga wani gari. Ran kai ta, gida ya cika, an yi guɗa, an shimfiɗa sababbin tabarmi. Bayan kwana bakwai 'yan rakiya sun koma. Ran nan ne za a san ko an karɓe ta. Akwai wadda za ta leƙo ta ce, taso mu tafi rijiya? Akwai wadda za ta nuna mata turmin da ake aro, da gidan da ake ɗebo wuta? In babu, to guɗar nan ta tafi a iska, yarinya tana cikin gida amma tana waje. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ita kuwa fuska kullum ake shimfiɗa ta.

Ikkilisiyoyin nan sun gane haka, shi ya sa ba sa barin sabon mutum ya narke cikin taron Lahadi, inda mutum ɗari biyar za su zauna ba wanda ya lura da wanda bai zo ba. Sai a tura shi cikin ƙaramar ƙungiya. Mace ta shiga Zumuntar Mata, waɗanda duk wanda ya zauna Adamawa ko Filato ya san su da zanensu iri ɗaya, da tulun da suke bugawa, da kacau-kacau. Su ne masu zuwa barka, su ne masu zuwa gaisuwar mutuwa, su ne masu kai wa majiyyaci kunu a asibiti, suna kuma tara ɗan abin da ya sawwaƙa don ranar buƙata. Sun ɗauki karin maganar nan tamu, zumunta a ƙafa take, sun mai da ita aiki. Saurayi ya shiga cikin matasa ko mawaƙa. Magidanci ya shiga cikin maza. A can ne za a ce masa, kai ne za ka share majami'a ran Asabar, ko kai za ka ɗauko benci, ko gobe akwai gayya a gonar wata gwauruwa, ka zo da fartanyarka.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, jama'a. Muddin ana ce wa mutum zauna ka huta, ana kawo masa ruwa, ana hana shi taɓa tsintsiya, to har yanzu baƙo ne. Ran da aka aike shi, ran nan ya zama ɗan gida. In sake faɗa. Ran da aka aike shi, ran da aka yi masa faɗa don ya makara, ran da bai zo ba aka bi shi har gida aka ce lafiya ba mu gan ka ba, ran nan ya zama ɗan gida. Mu ma muna da asalin wannan a tarihinmu, domin da Muhajirai suka isa Madina, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai bar su a hannun gari gaba ɗaya ba, sai ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu da Ansaru, mutum da mutum.

Ba ina cewa kowace ikkilisiya tana cika wannan ba. Su ma 'yan Adam ne. Inda ƙabila ɗaya ta yi rinjaye, sau da yawa da an tashi daga sujada sai kowa ya koma harshen gidansu, baƙon da Hausa kaɗai ta haɗa shi da su ya tsaya a gindin bishiya yana kallo. Mai kuɗi kuma, a ko'ina, yakan riga talaka samun kujerar gaba. Wannan cuta ba ta san addini ba, mu ma mu duba sahunmu, mu tambayi kanmu ko mun san sunan mutumin nan da ya yi wata uku yana salla a gefenmu.

Saura baƙo guda, wanda ba ya cikin ƙofofin nan uku. A ƙarshen Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka kama Mubi, mutanen arewacin Adamawa suka kwararo Yola a ƙafa, Musulmi da Kirista, har masallatai da majami'u da gidajen mutane suka cika. Mu ma mun ga irinsa bayan harin Boso da Difa a Fabrairu na 2015, sa'ad da bukkoki suka jeru a gefen babbar hanyar nan da ta bi ta Gure ta yi gabas. Mutumin da ya tsere da rigar jikinsa, ina zai samo takardar fasto? Faston kansa yana gudu, littafin sunaye wataƙila ya zama toka. A irin wannan hali takarda ba ta da amfani, sai a koma ga abin da ya girme ta, a nemi wanda ya san shi, ko wata tsohuwa daga ƙauyensu da za ta ce, ɗan wane ne, ina nan aka yi masa baftisma. In ma ba a samu ba, tuwo da tabarma ba sa jiran shaida. Haka muke yi a zauren mai gari a nan Kelle, a miƙa wa mutum ruwa ya sha, ya huce, kana a tambaye shi daga ina.

Lokacinmu ya cika, jama'a. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko zancen fatoma da zangon fatake, yadda ake saukar da ayari a ƙasar nan tun zamanin da gishirin Bilma yake bi ta kanmu. Dattijon da ya ga wannan da idonsa, ko ya ji daga bakin mahaifinsa, ya aiko mana, za mu zo mu same shi har gida. A gai da iyali. Assalamu alaikum.